Murjanina na mutuwa a tankin ruwan gishiri, wane magani zan zuba?

Tambayar ta fito daga wani bawan Allah mazaunin Gwarinpa a Abuja. Yana da tankin gilashi na ruwan gishiri mai cin lita 200, ya kusa shekara da kafa shi, da kifaye 'yan kaɗan da murjani iri-iri, wato halittun tekun nan masu rai da ke manne a kan duwatsu. Tun da zafin Afrilu ya kankama abubuwa suka rikice masa. Euphyllia ɗinsa, murjanin nan mai kawuna da geza da masu sayarwa ke kira hama, ya fara fitar da wani yauƙi mai launin ƙasa. Acropora, mai ƙashi da rassa, yana yin fari daga gindi zuwa sama, Montipora, shi ma mai ƙashi, ya koɗe, Sarcophyton mai laushi kuma ya rufe kwana biyar bai buɗe ba. Ma'aunin zafi na nuna digiri 30 da yamma. Ya ƙara hasken fitila ko launi zai dawo, da ruwan leda yake cika tankin idan ya ragu, bai taɓa auna alkaliniti ba, wato yawan kabonet da ke cikin ruwan, kuma ya sayo maganin fararen ɗigon kifi yana tambaya ko ya zuba.

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai, ajiye kwalbar nan, kada ko ɗigo ɗaya ya shiga tankin. Yawancin magungunan fararen ɗigon kifi akwai jan ƙarfe a cikinsu, waɗanda babu kuma akwai fomalin ko wasu rinai masu ƙarfi. Kifi na iya jure gwargwadon da aka auna masa, amma murjani da jatan lande da dodon koɗi ba sa jurewa. Abin da ya fi muni shi ne jan ƙarfe na shigewa cikin duwatsu da yashin tanki ya zauna, ya riƙa fitowa a hankali watanni bayan an canza ruwa. Idan kifinka ne ke da ɗigon, cire shi za ka yi zuwa wani tanki daban ka yi masa magani a can. Murjani ba ya kamuwa da wannan ciwon.

Abubuwa huɗu ka lissafa, kuma ba ciwo ɗaya ba ne. Guda ɗaya a cikinsu ba zai jira gobe ba, shi ne hama mai yauƙi, don haka da shi zan fara.

Yauƙin nan naman murjanin ne ke ruɓewa. Idan aka duba shi a madubin likita, cike yake da ƙwayoyin cuta da wasu ƙananan halittu masu gashi da ke cin naman. Yakan fara ne daga rauni: murjanin ya faɗo daga kan dutse, ko maƙwabcinsa ya harbe shi da dare, ko famfo ya riƙa bugun gezarsa har ta yanku a kaifin ƙashinsa, ko kuwa zafi ya raunana shi. Yana iya cinye kai guda cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma ruwa na ɗaukar ɓurɓushinsa ya kai wa sauran Euphyllia. Saboda haka kada ka hura shi da sirinji a cikin tanki don ka ga abin da ke ƙarƙashi. Kashe duk famfunan tukuna, ka bari ruwa ya tsaya cik. Sa'an nan ka ɗauki siririn tiyo ka zuƙe yauƙin zuwa bokiti, a hankali, har sai ka ga farin ƙashi. Ka nutsa kofi ko leda cikin ruwan, ka sa murjanin a ciki tun yana ƙarƙashin ruwa, ka fito da shi a rufe. Da ka fito da shi hancinka zai gaya maka gaskiya, domin lafiyayyen murjani ƙanshin teku yake yi, wannan kuwa wari ne na ruɓa wanda ba ka mantawa.

Idan hamarka mai rassa ce, kowane kai da sandarsa, ka yi sa'a. Ka sa filaya mai kaifi ka datse duk kan da yauƙi ya taɓa, daga can ƙasan sanda inda babu nama, ka jefar. Kada tausayi ya sa ka bar kan da rabinsa ya ruɓe, ba kasafai yake tashi ba, kuma shi ne zai kashe sauran. Kawunan da suka rage ka tsoma su a ruwan tanki da ka ɗiba a roba ka haɗa da maganin tsoma murjani mai aidin, irin su Seachem Reef Dip ko ruwan Lugol da aka yi don tanki, gwargwado da mintocin da aka rubuta a jikin kwalbar, ba ƙari. Ka ɗauraye su a wata robar ta biyu mai tsabtataccen ruwan gishiri, ruwan tsomawar kuma ka zubar, ba ya komawa tanki. Inda ya fi shi ne ka ajiye su a ƙaramin tanki na daban. In babu, ka sa su nesa da sauran Euphyllia, wurin da ruwa ke kaɗa geza a hankali. Ka duba safe da yamma har mako guda, duk kan da ya sake fitar da yauƙi ka maimaita masa abin da ka yi wa na farko. Idan kuwa hamar irin mai bango ɗaya ce, wadda namanta ke haɗe daga wannan gefe zuwa wancan, ceto ya fi wuya, sai an yanka ta da zarto cikin lafiyayyen nama, kuma sau da yawa ba ta tsira. Na faɗa maka ne don ka shirya zuciyarka.

Sai Acropora. A nan dole ka rarrabe fari iri biyu, domin maganinsu ya saɓa wa juna. Akwai murjanin da ya koɗe amma namansa na nan, akwai wanda naman ya salube ƙashi ya fito. Ka jira dare, ka bar shuɗin haske kawai, ka matso da ido kusa da gilashi. Wanda ya koɗe za ka ga siririn nama garai-garai a kan ƙashin, ƙananan bakunansa na ɗan leƙowa, wani lokaci da sauran ƙyalli na kore ko ruwan hoda. Wanda naman ya tafi kuwa akwai iyaka tsaf tsakanin wurin launi da wurin fari, wani lokaci za ka ga naman na rataye a bakin iyakar yana kaɗawa, farin wurin kuma busasshe ne, ramukansa a buɗe, bayan 'yan kwanaki gansakuka ta fara hawa kansa ya koma kore-kore. Yadda ka kwatanta naka, daga gindi yana hawa, ya fi kama da na biyu.

Ka ɗauki hoto yau, ka ɗauki wani gobe daga kusurwa ɗaya. Idan iyakar ba ta motsa ba, ka bar shi ka gyara ruwa. Idan tana hawa, ka yanka. Akwai nau'in da ke tuɓe murjani gaba ɗaya cikin yini guda, wannan ba a jiran hoto na biyu, da ka ga nama na tashi ka ɗauko filaya. Ka datse rassan santimita 1 zuwa 2 sama da iyakar, cikin nama mai cikakken launi, ka ɗauki rassa uku ko huɗu daga wurare daban-daban don ko ɗaya ya tsira. Ka manna kowanne a kan ɗan tsabtataccen dutse da sufagulu mai kauri, wanda ba ya gudana, yana kamawa ko a cikin ruwa kuma ba ya cutar da murjani. Tsohon gindin ka fitar da shi daga tanki.

Kafin ka jefar da gindin, ka bincike shi. Akwai wata shimfiɗaɗɗiyar tsutsa da ba ta cin komai sai Acropora, tsawonta 'yan milimita ne, kuma launinta na sajewa da na murjanin har ba ka ganinta tana zaune a kansa. Alamarta ƙananan tabo ne zagayayyu, koɗaɗɗu, a ƙasan rassa inda haske ba ya kaiwa, da ƙwai masu launin ƙasa jere a dunƙule a kan ƙashin da nama ya bari. Ka tsoma murjanin a farar roba da maganin tsomawa irin su Coral Rx ko ReVive, ka fesa masa ruwan da sirinji, in suna nan za ka ga sun zubo a gindin robar suna nannaɗewa. Maganin ba ya kashe ƙwan. Shi ya sa ake kankare ƙwan ko a datse wurin, a kuma maimaita tsomawar kowane mako har kimanin mako shida, don a kama waɗanda suka ƙyanƙyashe kafin su yi nasu ƙwan.

Montipora da ya koɗe shi ne irin fari na farko, wanda namansa na nan, kuma a kansa ne ƙarin hasken da ka yi ya fi yin ɓarna. A cikin naman murjani akwai ƙananan halittu dangin gansakuka, masana na kiransu zooxanthellae. Su ne ke amfani da haske su haɗa abinci, suna iya ba murjanin har kashi 90 cikin 100 na abin da yake rayuwa da shi, kuma yawancin launin ƙasa-ƙasa da kake gani nasu ne. Idan ruwa ya yi zafi, aikin nasu na lalacewa, hasken da suke sha ya koma yana haifar da sinadarai masu ƙona naman murjanin, sai ya fitar da su daga jikinsa. Ya zama kamar maigidan da ya sallami mai dafa masa abinci saboda hayaƙi ya ishe shi: ya huta da hayaƙi, amma yunwa na tafe. A teku, ƙarin digiri 1 kacal a kan zafin da wurin ya saba da shi a lokacin bazararsa, in ya ɗauki makonni, ya isa jawo wannan. Haka aka gani a faɗin duniya a 1998, da 2010, da 2014 zuwa 2017, kuma a watan Afrilun 2024 hukumar NOAA mai lura da teku da yanayi ta Amurka ta tabbatar da karo na huɗu. Murjanin da ke falonka jininsu ɗaya da waɗancan, digiri 30 kuma ya yi masa yawa.

To ka rage hasken, ka mai da shi ƙasa da inda yake tun farko, kamar kashi biyu cikin uku na wancan, ka kuma rage sa'o'in. In zai yiwu ka sauko da Montipora ɗin ƙasa kaɗan. Da dare, sau biyu a mako, ka ba shi ɗan abincin murjani mai laushi, kaɗan ƙwarai don kada ruwa ya ɓaci. Launi ba ya dawowa cikin kwanaki, makonni ne, wani lokaci watanni, kuma da farko launin ƙasa zai fara yi kafin kyakkyawan launinsa. Idan ka ga ya yi ƙasa-ƙasa ka yi hamdala, alamar sauƙi ce.

Sarcophyton kuwa ƙyale shi. Al'adarsa ce ya rufe, ya yi wata fata mai sheƙi a samansa, bayan kwanaki ko mako guda ko fiye ya saɓule ta ya buɗe. Ka ɗan karkato masa da ruwa don fatar ta fita, in ta fita ka kwashe ta da raga. Sai in jikinsa ya yi laɓo-laɓo yana marmashewa, ko baƙin rami ya fito a sandarsa, sa'an nan ne za a yanke wurin da reza.

Duk wannan kashe gobara ne. Abin da ya kunna ta, a ganina, zafi ne da ɗaukewar wuta, sa'an nan ruwan da ba ya zama wuri ɗaya. Yawancin murjanin da ake cewa ya kamu da ciwo a garin nan ba wata cuta ce ta shigo daga waje ba, gajiya ce ta kayar da shi, cuta ta same shi a kwance.

Digiri 25 zuwa 26 ake so, 27 ba laifi, daga 29 an shiga haɗari, kuma bambancin safe da yamma kada ya wuce kamar digiri 1. A Abuja, tsakanin Maris da Afrilu, zafin rana kan wuce digiri 35, wasu ranakun ya doshi 40, ga famfuna da fitila su ma suna zuba nasu zafin a ruwa. Abu mafi sauƙi da za ka yi yau shi ne ka buɗe murfin tankin, ka sa raga a madadinsa don kada kifi ya yi tsalle, ka kafa ƙaramar fanka tana hura saman ruwan. Wannan kaɗai kan sauke digiri 1 zuwa 2, ya fi aiki idan iska a bushe take. Ka mai da lokacin kunna fitila zuwa sassafe ko bayan magariba, kada ya haɗu da zafin azahar. Idan rana na shigowa ta taga ta faɗa kan gilashi, ka sa labule mai kauri. Ka daskarar da robobin ruwa a firiza, murfinsu a ɗaure, jikinsu a wanke ba takarda, ka riƙa jefa ɗaya a tanki da rana, ka canza in ta narke. Kada ka zuba ƙanƙara tsirara, kuma kada ka fizgo zafin daga 30 zuwa 26 cikin sa'a guda, saukowar gaggawa ita ma duka ce. Ka bi shi a hankali, yini guda ko biyu. Waɗannan dabarun tsira ne na ɗan lokaci. Wanda ke son riƙe Acropora a Abuja ba shi da makawa sai na'urar sanyaya ruwan tanki, ko ɗakin da iyakwandishan ɗinsa ba ya mutuwa da rana.

Batun wuta kuma, mutane kan damu da fitila, alhali murjani na iya yin kwana biyu ko uku cikin duhu bai mutu ba. Abin da ke kashewa shi ne tsayuwar ruwa. Ruwan gishiri dama ba ya riƙe iskar shaƙa kamar ruwan daɗi, yana ƙasa da shi da kusan kashi 20 cikin 100, ruwan zafi kuma ya fi kasawa. Da dare babu mai samar da iskar, kowa sha yake yi: kifi, murjani, da ƙwayoyin halittar da ke cikin duwatsu. Shi ya sa ɗaukewar wutar tsakar dare a bazara ta fi kowace illa, sai mutum ya tashi da asuba ya tarar da kifi a saman ruwa suna haki, bayan kwana biyu murjani ya fara zubar da nama, shi kuma bai haɗa abin da daren jiya ba. Ka sa famfon kaɗa ruwa guda ɗaya a kan inbata ko sola, ka karkata shi sama yana fasa fuskar ruwan. Irin wannan famfon bai cika wuce wat 20 ba. Batir mai bolt 12 da amfiya 100, ko rabinsa ka yi amfani da shi, zai riƙe shi kusan yini da kwana. Ka kuma ajiye ƙaramin famfon iska mai batir a kusa. Ranar da komai ya ƙi, ka ɗauki jug ka riƙa ɗibar ruwan tankin kana kwararo shi daga sama kowane minti 10 zuwa 15, kuma kada ka ba kifi abinci har sai an kawo wuta. Janareta kuwa ka nisanta shi da tagar ɗakin, don iyalinka da farko, sa'an nan don tankin.

Masu tanki a Jos nasu lissafin daban ne. Garin na kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, zafi bai cika matsa musu ba, amma a hunturu sanyin dare kan sauka kusa da digiri 10. Su hita ce ba za ta mutu ba, in an ɗauke wuta kuma sai a lulluɓe tanki da bargo a bar kafar iska.

Yanzu ruwa. Fankar da na ce ka sa za ta ƙara saurin ƙafewar ruwa, gishiri kuwa ba ya tashi tare da tururi, a tanki yake zama. Lita 4 in ta ƙafe daga lita 200, gishiri ya tashi daga 35 cikin 1,000 zuwa kusan 35.7, in ka bari sai ƙarshen mako ka cika gaba ɗaya, murjanin ya sha hawa da sauka. Ka ja layi a jikin gilashi, ka riƙa cikawa kullum, safe da yamma in da hali, da ruwan da babu gishiri. A hunturu ma haka, ƙafewar ta fi ta yanzu. Amma ba ruwan leda ba. Ruwan leda don sha aka yi shi, abin da ke narke a cikinsa ya bambanta daga wannan kamfani zuwa wancan, kuma duk abin da ka zuba yana taruwa ne tunda ruwa kaɗai ke ƙafewa. Ruwan burtsatse na iya zuwa da ƙarfe da naitiret da silika, na famfo kuma da kilorin. Abin da ake amfani da shi shi ne ruwan da ya bi ta matatar RO da DI, mai cire abin da ya narke a ruwa, wanda ɗan ma'aunin TDS, mai auna abin da ya narke, zai nuna sifili a kansa. Ma'aunin ba shi da tsada, ka saya ka gwada ruwan ledar da kanka ka gani. Na gishiri kuma, in irin mai allurar roba ne kake da shi, kumfa ɗaya in ta manne wa allurar ta canza maka lamba. Ka nemi rifraktomita, ma'aunin gishiri da ake leƙawa ta cikinsa, ka daidaita shi da ruwan gwaji mai 35. Ana son 35 cikin 1,000, wato 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa. In ka tarar ya kauce, ka gyara da 0.001 a rana, ba fiye ba.

Alkaliniti da ka ce ba ka taɓa aunawa ba, shi ne na fi zargi a kan Acropora bayan zafi. Murjani mai ƙashi na ɗibar kabonet da kalsiyam daga ruwa yana gina ƙashinsa, don haka kullum raguwa suke yi. Ruwan teku yana wajen 7 a ma'aunin dKH, a tanki ana riƙe shi tsakanin 7 da 11, ni na fi son 8 zuwa 9. Amma lambar ba ta kai zamanta wuri ɗaya muhimmanci ba: tankin da ke kan 7.5 kullum ya fi wanda ke yawo tsakanin 7 da 10. Ka sayi kayan gwaji, na Salifert ko Hanna ko Red Sea, ka duba ranar lalacewarsu, ka ajiye su wuri mai sanyi don zafi na ɓata su. Ka auna kullum a lokaci ɗaya har mako guda, ka rubuta a littafi. In ya yi ƙasa, bekin soda zalla na masu kek ya isa, ba bekin fauda ba, kuma ba kanwa ba, don kanwa na tafe da datti da gishirin da ba ka san su ba. Giram 3 a lita 100 na ɗaga dKH 1. Tankinka in aka cire duwatsu da yashi ruwansa bai wuce lita 170 ba, wato kamar giram 5. Tunda murjanin ba lafiya, rabin haka za ka sa a rana, ka narka a ruwan RO, ka zuba a hankali gaban famfo. Sauran lambobin da ake so, a miligiram cikin kowace lita: kalsiyam 400 zuwa 450, magneziyam 1,250 zuwa 1,350, amoniya sifili. Naitiret kamar 2 zuwa 10, fosfet 0.03 zuwa 0.1. Waɗannan biyun na ƙarshe kada ka kore su zuwa sifili, ruwan da ya yi tsabta fiye da kima shi ma yana koɗar da murjani. Kuma don Allah kada ka tashi gyara dukkansu rana ɗaya. Zafi da motsin ruwa yau, gishiri cikin kwanakin nan, alkaliniti bayan ka sami lambobi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Bayan ka gama yanke-yanken, ka canza kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na ruwan, ka sake bayan kwana uku. Da gishirin tankin murjani ake haɗawa, ba na miya ba, a haɗa tun jiya famfo na juya shi, zafinsa da gishirinsa su yi daidai da na tanki. Ka sa sabon gawayin tace ruwa a filta, wanda aka yi don tanki, ka ɗauraye ƙurarsa tukuna. Zai kwashe gubar da Sarcophyton ke fitarwa idan ya takura, da wasu abubuwan da suka shigo ta iska.

Wannan na iska ba a cika faɗinsa ba, kuma a gidajenmu yana da girma. Fiya-fiya, maganin sauro na fesawa da na kunnawa, duk an yi su ne don kashe ƙwari, kuma jatan lande da ƙananan halittun tanki ba su da kariya daga gare su. Ruwa na shan abin da ke cikin iskar ɗaki, famfon iska da na'urar kumfa mai cire datti daga ruwa kuma tura shi ciki suke yi. Kada a fesa a ɗakin da tanki yake. In ya zama dole, a kashe waɗannan biyun, a rufe tankin ruf, a bar famfon cikin ruwa na aiki, sai iska ta wanke ɗakin a buɗe. Ka roƙi uwargida a riƙa kai kaskon turaren wuta wani ɗakin. Kai ma kafin ka sa hannu a ruwa ka wanke man shafawa da turare, ka ɗauraye sabulun sosai. Bokitin tanki na tanki ne kaɗai, kada ya taɓa ganin sabulun wanki.

Za ka ji wasu na cewa a zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta na mutane, irin ciprofloxacin, kuma a nan samunsa a kemis ba wuya. Gaskiya ne masu kiwon murjani a ƙasashen waje na amfani da shi a kan yauƙin hama. A Fulorida ma, inda wata cutar zubar da nama ta ɓulla kusa da Miyami a 2014, masana na shafa amoxicillin da aka kwaɓa a bakin raunin murjani a cikin teku. Amma waɗannan aunawa suke yi, a kan wurin ciwon suke sawa. Ban yarda mutum ya farfasa ƙwaya ya watsa a babban tankinsa da ka ba. Tankinka na rayuwa ne da ƙwayoyin halitta masu mai da amoniya abin da ba ya kisa, kuma wasa da waɗannan magunguna na koya wa cututtuka jure musu, abin da ke dawowa kanmu a asibiti. In yanka da aidin sun kasa, a yi shi a tankin killacewa da shawarar likitan dabbobi.

Akwai gargaɗi ɗaya da ya shafi ranka. In kana da Palythoa ko Zoanthus, ƙananan nan masu kama juna a shimfiɗe kan dutse, wasunsu na ɗauke da guba mai suna palytoxin, tana cikin mafi ƙarfin gubar da aka sani a halittu. Duk aikin da za ka yi a tankin, ka sa doguwar safar hannu da tabarau, musamman in kana da yanka a hannu. Kada ka tafasa dutsen tanki, kada ka zuba masa ruwan zafi, kada ka goge shi da burushi a rufaffen ɗaki, don gubar na bin tururi, an sha kwantar da iyali guda a asibiti ta wannan hanyar a ƙasashen waje. In bayan aiki ka ji ɗanɗanon ƙarfe a baki, ko zazzaɓi, ko ƙuncin numfashi, ko ruwan ya fantsama maka a ido, ka wanke da ruwa mai yawa ka tafi asibiti nan take, ka faɗa wa likita sunan gubar. Yara kuma su yi nisa da bokitin.

Sabon murjani ka dakatar da saye har damina ta zauna, tankin ya yi wata ɗaya ko biyu lambobinsa ba su motsa ba. Gaɓar tekun Najeriya ba ta da tsibiran murjani irin na Bahar Maliya ko Indonesiya, saboda ruwan daɗi da lakar da Kogin Neja da sauran koguna ke kwararawa, don haka abin da ke kasuwarmu daga nesa ya taso, ya kwana a leda cikin jirgi, ya iso a gajiye. Duk murjani mai ƙashi yana cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin halittun daji da na teku tsakanin ƙasashe, wadda Najeriya ke ciki, ba a fito da shi daga ƙasarsa sai da takardar izini, kuma hakkinka ne ka tambayi mai sayarwa. Ka fifita wanda aka raina a tanki a kan wanda aka ɓalle daga teku. Kowane sabo a tsoma shi, a cire shi daga ɗan dutsen da ya zo da shi, ya yi mako huɗu zuwa shida a tankin killacewa. In na'urar sanyaya ruwa ba ta samu ba bana, ka tsaya kan masu laushi irin Sarcophyton da Discosoma, suna da kyau kuma suna da haƙuri.

Rassan Acropora da ka manna, in za su rayu, cikin mako biyu zuwa uku za ka ga nama ya fara malalowa kan gam ɗin a gindi. Kawunan hama in suka yi kwana bakwai ba yauƙi, geza ta fara kumbura, sun tsallake. Ka turo mini zafin safe da na yamma, gishiri, da alkaliniti na kwana bakwai, tare da naitiret da fosfet ko sau ɗaya ne, da sa'o'in da famfo ya tsaya a kowace rana. In zafi ya sauka, lambobi sun zauna, amma nama bai daina zuba ba, to sai mu koma neman ƙarfe mai tsatsa a cikin tankin, musamman maganaɗisun famfo ko na goge gilashi da robarsa ta tsage. Allah ya ba da sa'a.